Daren da na koya wa 'yan Mabera zari-ruga

Duk wanda ya sake kirana "Burodi" a majalisa, to ya sani mun ɓata. Tunda kowa na ba da labarin yadda ya ga dama, bari in faɗi nawa.

Asabar ce, 28 ga Oktoban 2023, wasan ƙarshe na kofin duniya na zari-ruga a birnin Paris, Afirka ta Kudu da New Zealand, ƙarfe 8 na dare agogonmu. Na zuba wa mai gidan kallonmu fetur lita 4 a janareta, a lokacin da lita ta haura naira 600, ya bar mini talabijin ɗaya cikin uku. Dama wuri ya cika, ana jiran damben Ngannou ɗan Kamaru da Fury da za a yi a Saudiyya can cikin dare. Na saka koriyar rigar ƙwallo ta gwanjo, na tsaya gaba kamar mai wa'azi.

Na yi bayani daki-daki. Mutum 15 kowane ɓangare, minti 80. Ba a miƙa ƙwallo gaba da hannu, sai baya ko gefe. In kana son ta ci gaba, ka ruga da ita ko ka buga da ƙafa. Ka dangwala ta bayan layin abokan karawa, maki 5, bugun da ke biyo baya 2, bugun laifi 3. Na ce yau duk baƙar fata ɗan Afirka ta Kudu ne, domin Siya Kolisi shi ne baƙin mutum na farko da ya zama kyaftin ɗin ƙungiyar, shi ya ɗaga kofin a Japan a 2019, kuma a hanyar zuwa nan sun fitar da Faransa 29 da 28, sun fitar da Ingila 16 da 15.

Sai ɗan Madrid ɗin nan, kun san shi, mai shagon caji, ya ɗaga hannu.

"Malam, ina gola?"

Na ce babu gola.

"To wanga ba ƙwallo ba ta, kokowa ta. Mu da muke Sakkwato, mi munka rasa?"

Tun la'asar kansa ke hayaƙi, domin ranar ce Madrid ta ci Barcelona 2 da 1, Bellingham ya zuba duka biyun. Da 'yan New Zealand suka fara rawar yaƙinsu, suna zare ido suna fito da harshe, cewa ya yi a kira mai garaya, bori ya tashi.

Amma wasa ya kama mutane. Da suka ga ƙarti takwas-takwas sun haɗa kafaɗa suna turereniya, har masu jiran dambe suka juyo da bencinsu. Pollard na Afirka ta Kudu ya buga bugun laifi huɗu, duka suka shiga. Aka ba Sam Cane, kyaftin ɗin New Zealand, jan kati saboda ya kai wa mutum kafaɗa a kai, abin da ba a taɓa gani ba a wasan ƙarshe na kofin duniya na maza. Aka tafi hutu 12 da 6. Da na yi shiru a nan, da yanzu ina da mutunci.

Wani yaro ne ya tambayi yadda ake cilla mutum sama in ƙwallo ta fita gefe. Na ce ai gani ya kori ji. Na zaɓo ɗan kabu-kabun bakin layi da ƙaton nan mai dakon albasa. Ƙwallo mai siffar ƙwai babu, sai aka aro dogon burodi wajen mai shayi, ɗan Madrid ya ce shi zai jefo.

Ga yadda ake yi. Na gaba yana kama cinyoyinka daga saman gwiwa, na baya ya tallafe ka ta ƙasan mazaunai. Su biyun su durƙusa da bayansu a miƙe, kai ka fara tsalle da kanka, ka haɗe ƙafafu ka sandare jiki, su kuma su miƙe hannu gaba ɗaya. Duk na faɗa musu wannan. Abu uku na manta: cewa jiki ake kamawa ba tufa ba, cewa doka ta wajabta wa wanda ya ɗaga ka ya sauke ka, da cewa filin Paris ba shi da rufin kwano a saman benci.

Na ƙirga ɗaya, biyu. Ban kai uku ba. Mutumin da ya saba wurga buhun albasa cikin tirela, me zai ji a jikina? Ya damƙi wandona ta baya ya yi sama da ni. Kaina ya daki kwano, gwaram, ƙurar shekara goma ta zubo. A daidai nan na ji tazuge ya ce ɗas. Ina jin sa sarai, kamar an tsinke tsirkiyar gurmi. Burodi ya iso ya same ni a hanci, domin hannuwana sun riga sun bar neman ƙwallo sun tafi neman wando. Ɗan kabu-kabu ya tsorata da ƙarar kwano ya saki. Mai dako bai saki ba, shi amana ya riƙe, sai dai abin da ya riƙe ɗin ba ni ba ne. Na sulluɓo ta cikin wando na dira a ƙasa, shi kuma yana tsaye da shi a hannu, yana dubana yana jiran umarni na gaba.

Da kaftani na saka, da ya rufa mini asiri. Rigar gwanjo kuwa iyakarta ƙugu. Gajeren wandon da ke ciki, na rantse ba ni na saya ba, mai ratsin ja da shuɗi ne, da tambarin Barcelona ɓaro-ɓaro a cinya.

Wuri ya yi tsit, janareta kaɗai ake ji. Baba maigadi ya ce, "Subhanallahi, ku ba shi abinai." Ɗan Madrid ya matso, ya haska fitilar waya, ya duba tambarin da kyau, ya juya ga jama'a:

"Jama'a, sau biyu ke nan yau muna tuɓe su."

Mutumin nan fa har yau yana riƙe da cajata tun azumin bara. Ranar da mashin ɗinsa ya mutu a Gawon Nama da tsakar rana, wa ya tura shi har wajen bakanike? Kuma jifar da ya yi ma ba ta halatta ba. Doka ta ce a jefo ta miƙe ta tsakiyar layi biyu, shi kuwa fuskata ya auna. A gaban alƙalin wasa da an karɓe ƙwallon an ba mu. Na faɗa masa haka washegari, ya ce in kai ƙara Paris.

Zagaye na biyu a zaune na kalle shi, na ɗaure ƙugu da wayar caja. Aka ba Kolisi katin gargaɗi, minti 10 a waje. Beauden Barrett na New Zealand ya dangwala, ya zama 12 da 11, bugun ƙarin bai shiga ba. Saura 'yan mintuna Jordie Barrett, shi ma na New Zealand, ya buga bugun laifi na nesa, ya bauɗe. Da aka hura tashi, Afirka ta Kudu ta ci 12 da 11, gidan kallo ya kaure, mutanen da ɗazu ba su san sunan wasan ba suna ihun "Afirka! Afirka!", mai dako ya ɗaga benci sama. Kofi na huɗu ke nan, bayan 1995, 2007 da 2019, babu ƙasar da ta kai haka. A can har hutu shugaban ƙasa ya bayar ranar 15 ga Disamba. Ni da na sayi fetur, tafi ma da hannu ɗaya na yi shi a kan cinya.

Ban tsaya dambe ba. Mai shayi ya ce burodin ya taɓa ƙasa, sai na biya. Na ce ya bi wanda ya jefa. Har yanzu dai ba mu gama wannan maganar ba, shayi ma a layin baya nake sha.