Ambulan ɗan siyasa a kan bagade: nasiha ga 'yan'uwa masu bi a Sakkwato

'Yan'uwana cikin Almasihu, musamman ku da muke zaune tare a nan Sakkwato, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Ranar Lahadin da ta wuce na halarci sujadar godiya ta kaka a wata ikilisiya a cikin gari, kuma abin da idona ya gani ya hana ni sukuni har na ga ya wajaba in rubuta muku. Ana tsakiyar wa'azi sai motoci suka tsaya a ƙofa, wakilin wani mai neman kujera ya shigo da tawagarsa. Mai wa'azi ya dakata, aka tashi waɗansu iyayenmu mata tsofaffi daga bencin gaba aka mayar da su baya, aka goge wurin aka zaunar da baƙi. Da aka ba wakilin damar gaisuwa, jawabinsa ya kusa fin wa'azin tsawo, sa'an nan ya ɗora ambulan a kan bagade, aka yi guɗa, aka yi tafi, wani daga cikin shugabanni ya kira maigidansa zaɓaɓɓen Allah. Ko addu'ar rufewa ba su jira ba, domin akwai wata majami'ar da take jiransu.

Manzo Yakubu, a sura 2 ta wasiƙarsa, kamar yana tsaye a bakin ƙofar nan yake rubutu. Ya ambaci mai zoben zinariya da tufafi masu ƙawa da aka ce masa ya zauna a wuri mai kyau, da matalaucin da aka ce masa ya tsaya can ko ya zauna a ƙasa, ya kuma ce masu yin haka sun zama alƙalai masu mugun tunani. Mun haddace wannan tun muna makarantar Lahadi. Duk da haka tashin tsofaffin nan, ko da yake ya yi mini zafi ƙwarai, bai kai ambulan ɗin damuna ba, gama kujerar gaba ta awa ɗaya ce, amma abin da yake cikin ambulan yakan bi ikilisiya shekara huɗu yana riƙe da harshenta.

Littafin Fitowa 23:8 ya hana karɓar hanci, ya kuma faɗi dalili, cewa hanci yakan makantar da masu gani, ya karkatar da maganar masu gaskiya. Ku lura da waɗanda ayar ta ce abin yana kamawa: masu gani, da masu gaskiya. Wato mutumin kirki ma bai tsira ba, fasto mai tsoron Allah ma bai tsira ba. Iyayenmu sun riga sun faɗa cewa in baki ya ci, ido kan ji kunya. Wanda ya saya muku kwanon rufi a watan kamfe, in ya hau kujera ya riƙe haƙƙin 'yan fansho, ko ya bar asibitin unguwa babu magani, da wane baki Baba Fasto zai hau mumbari ya ce wannan zalunci ne? Zai buɗe baki, sai ya ɗaga kai ya ga kwanon, ya juya wa'azin zuwa haƙuri da jimiri. Babu wanda ya yi masa barazana, babu wanda ya aiko masa da takardar gargaɗi, kunyar abin da aka ci ce kaɗai ta rufe bakin.

Na san amsoshin da za a ba ni, kuma ba na raina su, domin daga bakin mutanen da nake girmamawa nake jin su. Wani dattijo zai ce, ai kuɗin nan namu ne, daga baitulmali aka kwaso, karɓarsa mayar da haƙƙi ne. Baba, in har mun tabbata daga baitulmali aka kwaso shi, to mun shaida da bakinmu cewa kayan sata ne, kuma na dukan jama'ar jiha ne, Musulmi da Kirista, ciki har da yaron da yake zaune a ƙasa a aji saboda babu benci. Yaya za mu ɗora abin da muka san an sato a kan bagade mu yi addu'ar keɓewa a kansa? Wani kuma zai ce aikin Allah za a yi da shi, ga zafin watan Afrilu, ana bukatar fanka da sola, ana bukatar katanga saboda tsaro. Gaskiya ne, bukatun nan suna nan, kuma duk wanda ya taɓa yin sujadar rana a Sakkwato a lokacin bazara ya san ba ƙarya ba ne. Amma ikilisiyoyin da muka gada, da zakka da baikon malaman makaranta da ma'aikatan jinya da masu sana'ar hannu aka gina su, bulo bayan bulo, wani ginin ya ɗauki shekaru kafin a rufa shi, kuma waɗanda suka gina su sun yi wa'azi babu tsoron kowa.

Amsar da ta fi nauyi ita ce ta uku, wadda ake faɗa da murya ƙasa-ƙasa: mu kaɗan ne a garin nan, in ba mu da wani babba da zai tsaya mana, wa zai saurare mu ranar da muke neman takardar fili ko muke neman a kare mu? Wannan tsoro na gaske ne, kuma ba zan tsawata wa kowa don ya ji shi ba. Sai dai ina roƙonku ku duba abin da muke yi wa kanmu. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini da na yin sujada, ya kuma hana nuna bambanci saboda addini. Abin da doka ta ba mu, in muka koma muna karɓarsa a matsayin alfarmar wani mutum, mun mayar da haƙƙi ya zama kyauta, kyauta kuwa mai ita yana iya janyewa ranar da ya ga dama. Ɗan siyasa kuma ya iya lissafi fiye da yadda muke zato. Al'ummar da ya gane ana samunta da ambulan ɗaya a shekara huɗu, ba zai sake zama da ita ya ji kukanta ba, domin ya riga ya san farashinta, ya biya, ya wuce.

Ku tuna da annabi Elisha a 2 Sarakuna 5. Na'aman, shugaban sojojin Suriya, ya warke daga kuturta, ya dawo da azurfa da zinariya da tufafi, da zuciya ɗaya kuwa ya kawo su, ba ya neman ƙuri'ar kowa. Duk da haka annabin ya rantse ba zai karɓi kome ba, don kada babban mutumin nan ya koma ƙasarsa da tunanin cewa alherin Allah na sayarwa ne. Gehazi, baran Elisha, ya ga wannan asara ce, ya bi shi a guje, ya ƙago labarin waɗansu samari biyu mabukata daga cikin ƙungiyar annabawa, ya karɓi talanti biyu na azurfa da riguna biyu. Da sunan hidima ya roƙa, kamar yadda mu ma muke roƙo da sunan ginin majami'a, kuma kun san da abin da ya fita daga gaban Elisha, wato kuturtar Na'aman. In annabi ya ƙi kyautar mutumin da ba ya neman kome a wurinsa, ina dalilinmu na karɓar ta wanda ya zo da lissafin rumfunan zaɓe a aljihu?

Kada membobi su ce wannan nasiha ta fastoci da dattawa ce kawai. Abin da ake yi a kan bagade da ambulan, shi muke yi a layin zaɓe da abin da bai kai shi ba. A zaɓen 2023, na shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairu da na gwamna ranar 18 ga Maris, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, masu sayen ƙuri'a ba su fasa ba, sai suka koma ga taliya da sabulu da atamfa da tura kuɗi ta waya. Iyayena na Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikilisiya, da girmamawa nake tambaya, turmin atamfar da aka raba a daren zaɓe, wata nawa ya yi kafin ya koɗe? Ƙannena matasa, musamman ku masu kabu-kabu da ake zuba wa mai don ku cika jerin gwano, sau nawa wanda ya zuba muku man ya sake nemanku bayan an rantsar da shi? Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ɗauki mai bayarwa da mai karɓa duka a matsayin masu laifi, da hukuncin tara har naira 500,000 ko ɗaurin wata 12 ko duka biyun. Mu da muke karanta Romawa 13 muna cewa a yi biyayya ga hukuma, ga dokar hukuma nan mun taka, sa'an nan mu zo ranar Lahadi mu ɗaga hannun da ya karɓa muna waƙar yabo.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, wato annabcin da ake yi wa masu neman kujera. Kowane ɗan takara yana da mai yi masa ru'ya, kowanne an ce masa Ubangiji ya nuna shi ne, alhali kujerar ɗaya ce. A 1 Sarakuna 22 annabawan fada wajen 400 suka haɗa baki suka ce wa Sarki Ahab ya tafi Ramot-gileyad zai yi nasara. Mikaiya ɗan Imla kaɗai ya faɗi abin da Allah ya ce, aka mare shi, aka jefa shi kurkuku, Ahab kuwa ya tafi yaƙin bai dawo da rai ba. Annabi Mika, a sura 3, ya yi kuka da firistoci masu koyarwa don lada da annabawa masu duba don kuɗi, waɗanda duk da haka suke cewa Ubangiji yana tare da su. Ɗan'uwa mai hidima, in ka ce Ubangiji ya faɗa alhali ambulan ne ya faɗa, ka ɗauki sunan Allah a banza, kuma yaran da suka ji ka, ranar da annabcin ya faɗi ƙasa, bangaskiyarsu ce take raunana. Wannan bai canja ba ko da ɗan takarar Kirista ne mai sunan baftisma. Cewa namu ne ba ta tsarkake kuɗinsa, hasali ma namu ne ya fi cancanta mu tambaye shi inda ya samo.

Kada wani ya fahimce ni cewa ina kira mu janye daga siyasa mu rufe ƙofa. Irmiya ya rubuta wa waɗanda aka kai bauta Babila cewa su nemi zaman lafiyar birnin, su yi addu'a dominsa, gama cikin lafiyarsa za su sami tasu, mu kuwa ba baƙi ba ne a nan, da yawanmu a nan aka yanke mana cibiya. Ku karɓi katin zaɓe, ku shiga jam'iyya, wanda Allah ya ba baiwar shugabanci ya tsaya takara tun daga kansila. Nehemiya gwamna ne, ya yi shekara 12 a kan mulkin Yahuza bai ci abincin da doka ta ware wa gwamna ba saboda nauyin da yake kan talakawa, shi ya sa ya iya tsawata wa manya masu cin riba a kan 'yan'uwansu, suka rasa abin cewa. A garin nan ma muna da misalin shiga harkar ƙasa ta hanyar da ta dace. Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda yake jagorantar darikar Katolika ta Sakkwato tun 2011, da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, suna cikin Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar, kwamitin da ya zaunar da 'yan takarar shugaban ƙasa suka sa hannu a kan alkawarin zaman lafiya a 2015, aka kuma maimaita a 2019 da 2023. Irin wannan aiki yana bukatar mutumin da kowane ɓangare zai iya saurara, kuma ikilisiyar da aka san ta ci na ɓangare ɗaya ta rasa wannan matsayi.

In ɗan siyasa ya zo sujada, ƙofa a buɗe take gare shi kamar kowane mai zunubi da yake bukatar jin bishara. Ya zauna inda ya tarar da wuri, ya ji wa'azi har ƙarshe, mu yi masa addu'a yadda 1 Timoti 2 ya umarta a yi domin sarakuna da dukan masu iko. In yana son ganawa da dattawa, a sa masa rana dabam, a zauna a tambaye shi abin da zai yi game da mutanen Sabon Birni da Isa da Goronyo da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, waɗanda muke gani da 'ya'yansu a bakin titunan garin nan. Mafi yawansu ba 'yan ikilisiyarmu ba ne, amma maƙwabtanmu ne, kuma Ubangiji bai ba mu izinin zaɓen maƙwabcin da za mu yi wa kuka ba. A tambaye shi batun ruwan sha, da albashin malamai, da maganin asibiti. Maƙwabtanmu Musulmi suna kallonmu, kuma ranar da suka ga ikilisiya ta mayar da ambulan ta tsaya tana tambaya a kan 'yan gudun hijirar da ba nata ba, sun ji shaidar da ta fi ta lasifika ƙarfi.

Zaɓen 2027 yana matsowa, motocin kuma sun riga sun fara zagaye. Ina roƙonku, iyayena fastoci da dattawan ikilisiya, kada ku jira sai ambulan yana kan bagade jama'a suna tafi, domin a wannan lokacin babu mai ƙarfin halin mayar da shi. Ku sa maganar nan a taron dattawa na wannan wata, ku yanke shawara, ku rubuta ta, ku karanta wa ikilisiya ranar Lahadi, cewa mumbarin nan ba a ba ɗan takara, kuma ba a karɓar kyautarsa a lokacin neman ƙuri'a, ko daga wace jam'iyya ya fito. Shugabannin Zumuntar Mata da na matasa, ku ma ku yi haka a naku taron. Saboda sunan Yesu nake roƙonku, ku yi shi tun yanzu.