Dutsen gugar shagonmu ya kusa kashe yaro

Wani labari da na ji na gobarar da hitar ruwa ta tayar a wani shago ya tuna min abin da ya same mu. Ni tela ne a Argungu. Bara dutsen guga ya ja yaron shagona, ya jefar da shi ƙasa, Allah ne ya yi da sauran kwanansa. Da mai gyaran wuta ya buɗe fulogin, sai ga wayar nan mai ruwan ɗorawa da kore, wadda ke sauke wuta ƙasa, a tsinke. Fis ɗin ma, wanda ke yanke wuta idan ta yi yawa, wani ya maye gurbinsa da guntun waya. Wutar da muke sha volt 230 ce, ba ta san ubangida ko yaro ba.

A Ingila wata dokar 1989 ta ɗora wa mai wurin aiki alhakin lafiyar kayan wutarsa, shi ya sa suke gwada su da na'ura, su manna takardar kwanan wata. Mu kuwa waya tsirara muke cusawa a soket, mu danne da tsinken ashana. Malamai, ku faɗa mana, ran yaron nan ba amana ba ne a wuyanmu? Ni dai yanzu duk bayan wata shida nake kiran mai gyara.