Ba laktik asid ne ke kawo tsamin jiki bayan atisaye ba

Har yau a filayen ƙwallo ana cewa tsamin jikin da ke kama mutum kwana ɗaya ko biyu bayan atisaye, wani sinadari mai suna laktik asid ne ya taru a tsoka. Abin yana damuna, domin har masu horarwa na koya wa yara haka.

Maganar tana da tushe. Otto Meyerhof, masanin kimiyyar da ya samu kyautar Nobel ta 1922, ya yi nazarin yadda sinadarin ke taruwa a tsokar kwaɗo idan ta gaji, sai aka daɗe ana ɗora wa sinadarin laifi. To amma laktat, wato siffar da laktik asid ke ɗauka a jiki, yana komawa daidai a jini cikin kusan awa ɗaya da daina gudu, tsamin kuwa sai tsakanin awa 24 zuwa 72 yake tsananta, lokacin da sinadarin ya daɗe da gushewa. Tun shekarun 1980 George Brooks na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya nuna cewa laktat makamashi ne: zuciya na amfani da shi, hanta kuma na mayar da shi sukari.

Tsamin yana da alaƙa da ƙananan raunuka a zaren tsoka da kumburin da ke biyo baya, musamman idan tsoka ta ɗauki nauyi tana miƙewa. Wanda ya gangaro daga tsauni da gudu, washegari cinyoyinsa sun fi na wanda ya hau ciwo, alhali mai hawan ne ya fi tara laktat.