Shugaba, yaushe rabonka da ka zauna?

Assalamu alaikum ƴan'uwana masu jagorancin ƙungiyoyi da ONG, wato ƙungiyoyin agaji masu zaman kansu, a nan Tawa, musamman ƙannenmu da suka shigo harkar kwanan nan.

Makon jiya na halarci babban taron shekara na wata ƙungiya. Mata sun taso tun daga ƙauyukan Buza da Illela, wasu bisa babur, wasu a motar kasuwa. Shugaban bai iso ba sai bayan azahar, waya biyu a hannu. Wata dattijuwa ta miƙe ta ce, "Ɗana, an ce kuɗin furojen nan za su ƙare ƙarshen shekara. Daga nan ina muka dosa?" Ya ce, "Inna, za mu duba." Waya ta yi ƙara, ya fita. Kafin la'asar aka ce ya kama hanyar Yamai, akwai atiliye, wato taron ƙara wa juna sani, gobe da safe. Wallahi har yanzu abin na ci mini rai.

Mutumin ba ɓarawo ba ne, ba rago ba ne. Shi ya sa ma abin ya fi ciwo. Gudu yake dare da rana, amma da za ka tare shi ka ce ina ƙungiyarka za ta kasance nan da shekara biyar, sai dai ya zaro maka takardar mai ba da kuɗi ya karanta. Kuma mu yi wa kanmu adalci, halin yawancinmu ke nan. Litinin atiliye a otal, Talata rubutun rahoto, Laraba rakiyar baƙi zuwa ƙauye a ɗauki hoto, Alhamis an sake hawa bas, kilomita fiye da 500 ta Ƙonni da Dogonduci da Doso, don taron kwana biyu da ko ƙaramin ma'aikacin buro zai iya wakiltarka. In ka yi magana a ce maka, "Ai zomo ba ya kamuwa daga zaune." To, wane zomon kake bi? Ka ma san kamanninsa?

Wanda bai zauna ya tsara tasa hanya ba, tsarin wani zai ɗauka. Bana an ce kuɗi na wajen sauyin yanayi, duk mun zama masanan yanayi. Baɗi an ce zaman lafiya, an canja allon ƙofa. Ƙungiyar da aka kafa don rumbun tsimi ta wayi gari tana rabon gidan sauro, ba don an zauna an ga buƙata ba, sai don nan kiran masu ba da kuɗi ya fito. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba zan ma shiga zancen kuɗin zama ba, yadda babban mutum da furfurarsa zai sa hannu a takardar halarta ta taro biyu rana ɗaya, ya sha shayin wannan ya ci kazar wancan. Kwaɗayi mabuɗin wahala. 

Allah ya nuna mana aya har sau biyu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka ta CEDEAO ta rufe iyakoki, Tarayyar Turai da wasu ƙasashe suka dakatar da tallafi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta tsayar da agajin waje, daga baya aka rufe hukumarta ta agaji, USAID, ɗungurungum. Burori nawa muka ga an garƙame? Matasa nawa aka sallama ba sanarwa? Tsakanin abu na farko da na biyu akwai wata goma sha takwas cur. Wa ya tara mambobinsa a cikin watannin nan ya ce, in ruwan waje ya ɗauke, da me za mu rayu, wane aiki za mu riƙe, wanne za mu saki? An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Mu kuwa muna cikin ɗaki mai sanyi muna cika takardar halarta. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu sai mota ta tashi muke neman wuƙa.

Abin takaicin, a ƙasar Adar muke, inda aka ga amfanin dogon nazari da ido. Aikin Keita ya fara a 1984, tsakiyar fari, da kuɗin Italiya da hannun FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Mata suka kwashi duwatsu a ka, aka tare kwazazzabai, aka dasa miliyoyin itatuwa, kuma ba wanda ya sa ran ganin inuwa a shekarar farko. A 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ramuka a fako ana zuba taki. Suka dawo suka gwada, dabarar ramukan nan da ake kira tassa ta bazu, har fakon da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. Ai wannan sai da wani ya tsaya ya dubi ƙasa, ya tambaya, ya yi shiru ya saurara. Yau shugaba zai je ƙauyen nan cikin katkat, ko injin ba a kashewa.

Ƙannena, ban ce ku daina neman kuɗi ba, aiki ba ya yiwuwa da baki. Amma ku ware wa kanku lokaci, ku kashe wayar nan, duniya ba za ta tashi ba. Ku sakar wa na ƙasa da ku wasu ayyukan. Wannan ɗabi'a ta hatimi a aljihun shugaba, makullin buro a aljihun shugaba, ko takardar sayen man babur sai shugaba ya sa hannu, ita ke cinye lokacin, sannan a zo ana kukan ba a da hutu. Ku zauna da mutanen da kuka ce don su kuke yi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da can maigida kan tara ƴaƴan gandu tun bazara, a ƙidaya damman da suka rage a rumbu, a ware iri, a san wace gona za ta huta, a san wa zai tafi ci-rani Abijan wa zai tsaya. Ba shi da kwamfuta, ba shi da tsarin shekara biyar a rubuce, amma ya san abin da gidansa zai ci har kaka. Dattawan da suka kafa ƙungiyoyin farko a garin nan haka suke, bisa tabarma ake shawara, kowa ya ajiye ƴan dalolinsa, magana ɗaya a kwana uku ana juya ta. Ana jin kunyar a ce shugaba bai san sunan mambobinsa ba. Yanzu yaro na gama jami'a zai yi rajistar ONG, ya buga kati, ya buɗe zauren WhatsApp, ya fara tambayar ina ake atiliye. Kuma ba laifinsa ba ne shi kaɗai, a wurinmu ya gani.