Zinare 23, Amma Ya Kulle Kansa a Ɗaki

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa.

Akwai wani Ba'amurke mai suna Michael Phelps, haifaffen birnin Baltimo a 1985. In dai ana zancen ninkaya a duniya, da sunansa ake farawa. Tunda aka soma gasar Olamfik ba a yi wanda ya tara lambobin da ya tara ba: guda 28, daga ciki 23 na zinare. Yana ɗan shekara 15 ya je gasar Sidni a 2000, ya dawo hannu rabbana. A Atens a 2004 ya kwaso zinare shida. A Beijin a 2008 kuwa tsere takwas ya shiga, ya cinye duka takwas ɗin, ya goge tarihin zinare bakwai da Mark Spitz ya kafa tun 1972.

Ku dubi abin da ya faru a ɗaya daga cikin tseren nan, na mita 200 a salon malam-buɗe-littafi. Yana faɗawa ruwa sai ruwa ya fara shiga gilashin idonsa. Kafin a kai ƙarshe ya daina ganin komai, har bangon da zai taɓa. Bai tsaya ba. Ya koma ƙirga bugun hannunsa, don ya san adadin da ke kai shi bango. Da ya taɓa, ya fizge gilashin ya ɗaga kai, sai ga shi na ɗaya, har da sabon tarihin duniya. A wani tseren kuma da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ya riga Milorad Cavic, abin da ko ƙiftawar ido ta fi shi tsawo. Wannan mutum ya yi wajen shekara biyar yana atisaye kullum, babu hutun ko da yini ɗaya.

To wannan jarumin ne ya tsaya gaban jama'a a birnin Cikago a 2018 ya ce bayan kowace gasar Olamfik sai ya faɗa cikin ciwon damuwa mai tsanani. Mafi muni shi ne bayan gasar Landan ta 2012, inda ya ci zinare huɗu da azurfa biyu. Duniya tana ta tafa masa, shi kuma yana kulle a ɗaki kwana da kwanaki, ba ci, barci sai ɓarawo, ba ya ma son ya ci gaba da rayuwa. Ya nemi mafaka a giya, ita kuma ta yi masa abin da ta saba yi wa kowa. A Satumbar 2014 aka kama shi yana tuƙi a buge, karo na biyu ke nan, aka dakatar da shi wata shida. Daga nan ne ya miƙa wuya ya shiga cibiyar jinya a jihar Arizona, ya yi kwana 45.

Darasi na farko a bayyane yake, ba sai na daɗe a kansa ba. Manzon Allah (SAW) ya ce wadata ba yawan abin duniya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci. Da ɗaukaka tana cika zuciya, da ta Phelps ta cika ta tumbatsa.

Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Na san abin da wasunmu za su ce da sun karanta: "Ai ba Musulmi ba ne, shi ya sa. Mai salla da zikiri ba ya shiga wannan halin." A nan nake so mu ji tsoron Allah, domin da wannan maganar muke rufe bakin 'yan'uwanmu. Mutum ya daure ya ce maka ƙirjinsa ya yi nauyi, ya rasa me ke masa daɗi, sai ka ce: "Kai da Allah Ya ba komai, me ke damunka? Rashin godiya ne." Ko kuma: "Rashin tawakkali ne, ka ƙara zikiri." In namiji ne a ce masa namiji ba ya kuka. Shi ke nan, ya haɗiye maganarsa, ya koma ɗaki da ciwo biyu: wanda ya zo da shi, da zargin cewa imaninsa ne ya yi rauni.

Ayar gaskiya ce, babu ko shakka: da ambaton Allah zukata ke natsuwa. Sai dai Allah Ya saukar da ita ta zama waraka, mu kuma mun mai da ita bulala.

Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma Allah bai zarge shi ba. Cewa ya yi yana kai kukansa da baƙin cikinsa ga Allah. Nana Maryam, lokacin da naƙuda ta kai ta gindin dabino, cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan. Amsar da ta zo mata ita ce kada ta yi baƙin ciki, ta ci, ta sha, ta kwantar da hankalinta. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, har yau shekarar baƙin ciki ake kiranta. Ba cewa nake waɗannan bayin Allah sun yi cutar da likitoci ke magana a kai ba. Abin da nake nunawa shi ne nauyin zuciya ba hujja ba ce ta raunin imani.

Ciwon damuwa kuwa cuta ce kamar sauran cututtuka, tana da alamomi: mutum ya shafe sama da mako biyu cikin ƙunci, abin da yake so a da ya fita daga ransa, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, cin abinci ya canza, ya janye jiki daga mutane, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. Wa ya taɓa ce wa mai ciwon suga ya ajiye allurarsa ya riƙe carbi kawai? Annabi (SAW) ya ce mu nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Nana A'isha (RA) takan sa a dafa wa mara lafiya da wanda aka yi wa rasuwa talbina, wato kunun garin sha'ir, saboda ta ji Annabi (SAW) yana cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana tafiyar da wani ɓangare na baƙin ciki. Kun ga, har abinci aka haɗa da shi.

An raine mu da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Haka ne a wajen riƙe sirrin mutane. Amma ciwo ba amana ba ce da za ka riƙe har ta kai ka kabari. Abin da ya fara fitar da Phelps shi ne buɗe baki. Ya koma ruwa, ya ci zinare biyar da azurfa ɗaya a Riyo a 2016, sannan ya yi ritaya. Har yanzu yana faɗa cewa ciwon kan dawo masa, bai ce ya rabu da shi ba, ya dai koyi neman taimako.

Ɗan'uwa, in kai ne a ɗakin nan, ka riƙe sallarka, ka faɗa wa wanda ka yarda da shi, ka je ka ga likitan ƙwaƙwalwa. Allah Ya ce kada ku kashe kanku, sai Ya rufe ayar da cewa Shi Mai jin ƙai ne a gare ku. In kuma wani naka ne ya fara cewa gara ma ya mutu ya huta, kada ka ɗauka wasa ne, kada ka yi masa wa'azin wuta. Zauna kusa da shi, ka tambaye shi kai tsaye, kada ka bar shi shi kaɗai, ka raka shi asibiti da ƙafarka.

Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan. Ya Allah, duk wanda ya kwana da nauyi a ƙirjinsa a daren nan, Ka sauke masa, Ka haɗa shi da wanda zai saurare shi.