Tiyatar cire mahaifa a lokacin annoba: kada tsoro ya zaɓa wa mace hanya

A watan Maris na 2020, bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba, ƙungiyoyin likitocin fiɗa na Birtaniya sun yi gargaɗin a yi hattara da tiyatar da ake huda ciki a zura kyamara. Fargabarsu ita ce iskar da ake hura ciki da ita, haɗe da hayaƙin na'urar ƙona tsoka, za su iya fesa ƙwayar cutar ga ma'aikata. Fargabar tana da tushe, domin tun kafin korona an taɓa samun ƙwayar ciwon hanta nau'in B a irin wannan hayaƙi.

Sai dai komawa ga yanka ciki, wanda wasu suka ɗauka a matsayin mafita, bai kawar da haɗarin ba. Hayaƙin nan yana tashi a yankan ciki ma, kuma a can ya fi wuyar tarewa. Matar da aka yanka kan shafe kwanaki a gadon asibiti, a daidai lokacin da gado ya yi ƙaranci, alhali wadda aka huda kan koma gida washegari. Ƙungiyoyin likitocin mata na Birtaniya da Amurka sun yi daidai da suka ce a ci gaba da hudawa, muddin aka rage ƙarfin iskar, aka kuma tace ta kafin a sake ta.

Abin takaici shi ne yadda muhawarar ta yi wa hanya ta uku riƙon sakainar kashi, wato ciro mahaifa ta farji. Ba a hura ciki, kuma ana iya yin ta da allurar kashe zafi ta baya, ba tare da zura bututun numfashi ba, aikin da ke cikin mafi haɗari ga ma'aikata. Tun kafin annoba, ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta fifita wannan hanya idan hali ya yi. Gaskiya ne ba kowace mace za ta dace da ita ba, musamman mai babban ƙari ko mai sankara, amma rashin ƙwarewar likita ma yakan hana.

Lokacin aikin ya fi hanyar muhimmanci. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya nuna kusan kashi 24 cikin 100 na masu korona da aka yi wa tiyata sun rasu cikin kwana 30. Saboda haka a lokacin annoba, mai ƙari da magani zai tsayar mata da jini tana iya jira, a kuma yi mata gwajin korona kafin aiki, amma mai sankarar mahaifa bai kamata a jinkirta mata ba.