Kuɗi sun zo Ittihad, amma wa zai gaji Nur?

Ni ɗan kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Ittihad ne, duk wanda ya san ni a Jidda ya san haka. Saboda haka 'yan Hilal da 'yan Ahli ku kwantar da hankalinku, yau ba tsokana ta kawo ni ba. Ɗaukar kofi sau ɗaya ba wani abin a zo a gani ba ne a nan Saudiyya yanzu, in dai akwai riyal. Aikin shi ne kulob ya shekara goma ana shakkar haɗuwa da shi. Kuma a ganina abin da ke kawo wannan ba a kasuwar 'yan wasan Turai ake sayo shi ba.

Manyanmu sun tuna 2004. Seongnam ta Koriya ta zo har Jidda ta ci mu 3 da 1 a wasan farko na ƙarshen kofin zakarun Asiya, kowa ya ce an gama. Muka bi su gida muka zuba musu 5 babu ko ɗaya. To ku duba waɗanda suka ci ƙwallayen nan: Rida Tukar, Hamza Idris, Muhammad Nur har biyu, sai Manaf Abu Shaƙir. Babu baƙo ko ɗaya a cikinsu. Shi Nur ɗan Makka ne, Bahausawi, tun yana yaro ya shiga Ittihad ya girma a cikinta. Da aka sake ɗaukar kofin a 2005 akwai baƙi irin su Muhammad Kallon na Saliyo, kuma sun yi aiki, amma gini suka tarar, suka ɗora nasu a kai. Wanda zai daka wa ɗan wasa tsawa a fili in ya yi sanyi, ɗan gida ne da ya san abin da rigar ke nufi ga mutanen unguwannin Karantina da Sabil na Jidda.

Daga kofin lig na 2009 sai muka shiga fari, ba mu sake ganinsa ba sai 2023. Shekara 14 ke nan ga kulob ɗin da aka kafa tun 1927. Masu cewa rashin sa'a ne ban yarda da su ba. Tsarin da ake kai a lokacin shi ne kulob ya rataya a wuyan masu hannu da shuni. Attajiri ya hau shugabanci, yana son a yi ta kiran sunansa a filin wasa, sai ya sayo 'yan wasa da kwantiragin da shi kansa ya san ba zai kai ƙarshensa a kujerar ba. Ya gaji ko a ɓata masa rai, ya sauka, ya bar wa na baya takardun bashi. Na bayan shi ma ba zai zauna biyan bashin wani ba, nasa sunan yake nema. Haka aka yi ta tara ƙararraki a FIFA har aka zabge mana maki 3 a kakar 2016/17. A 2019 da 2020 kuwa, mu da muka mallaki Asiya, lissafin yadda za mu tsira daga faɗawa gasar 'yan dagaji muke yi.

Maƙwabtanmu ma ba su tsira ba. Ahli ta ɗauki lig a 2016 da Umar Soma yana zuba ƙwallaye, bayan shekara 6 kacal ta faɗa ƙasa, karon farko a tarihinta. Ranar mun yi dariya, ba zan ɓoye ba. Amma ciwon da ya kayar da su shi ne ya kusa kayar da mu.

A watan Yunin 2023 asusun zuba jari na gwamnati, PIF, ya karɓi kashi 75 cikin 100 na Hilal da Nasr da Ittihad da Ahli. Wannan ya yi maganin abu ɗaya babba, kuma dole a faɗa: kulob ya daina jiran aljihun mutum guda. Sai dai kuɗi sun sauya, hali bai sauya ba.

Ga misali a gidanmu. Koci Nuno Espirito Santo ya kawo mana kofin da muka shekara 14 muna nema, da tsaron baya mai ƙarfi da 'yan wasan da suka san juna. Aka kawo Benzema da Kante da Fabinho. Kafin ƙarshen Nuwamban shekarar an sallami Nuno. Aka ɗauko Gallardo daga Ajantina, muka ƙare a na biyar, shi ma ya kama gabansa. A tsakanin nan an sayo Jota daga Celtic da kuɗi masu yawa, sannan aka waiwaya aka ga gurbin baƙi ya cika, aka bar shi a waje ba rajista a gasar lig na wani lokaci. Don Allah wane ne ya sa hannu a cinikin nan bai ƙirga gurabe ba? Sai Laurent Blanc ya zo ya haɗa mana lig da Kofin Sarki a 2025. Sabuwar kaka ta fara, Nasr ta doke mu a Satumba, aka nuna masa ƙofa. Koci biyu da suka ɗauko kofi, babu wanda ya kai rabin kakar da ta biyo baya. Kowane sabon koci kuma da irin 'yan wasan da yake so, sai a sake rushewa a sake sayayya. Kamar mai gidan da duk shekara sai ya kori magini ya sauya zane, ga bulo ga siminti amma har yau ba a kai linta ba.

Kuma mu magoya baya muna da hannu dumu-dumu. A ci mu sau biyu a jere, kafin gari ya waye an cika dandalin X da a kori koci. Shugabanni suna karantawa, suna kuma tsoro. Ahli ce ta nuna abin da zai iya faruwa in aka yi akasin haka. Da aka fara raɗe-raɗin za a sallami kocinsu Matthias Jaissle a farkon 2025, 'yan kallonsu suka tsaya masa. Aka bar shi. A watan Mayu suka doke Kawasaki ta Japan 2 da nema a nan Jidda, suka ɗauki kofin Asiya na farko a tarihinsu, shekara 3 bayan faɗuwarsu. Kafin su ma akwai Fatah ta Ahsa, kulob marar ƙarfin aljihu, da ta riƙe Fathi Jabal ɗan Tunisiya shekara da shekaru har ya ba ta lig a 2013 a gaban manya.

Yanzu maganar da ba ta da daɗi a bakina. Kulob ɗaya ne a ƙasar nan ya iya daɗewa a sama, shi ne Hilal. Kofin Asiya a 1991 da 2000 da 2019 da 2021. Za ku ce ai su ma suna korar koci, gaskiya ne, suna kora. Za ku ce suna da gata a Riyad, wannan ma mun sha faɗa a majalisa. Amma ku lura da abin da ba sa taɓawa. Salman Faraj da Salim Dausari a cikin kulob ɗin suka taso, suka shekara fiye da goma tare da irin su Yasir Shahrani. A tsawon waɗannan shekarun koci ya zo ya tafi, su suna nan, sabon baƙo kuma a hannunsu yake koyon yadda ake zama a gidan. Ranar da Saudiyya ta doke Ajantina 2 da 1 a Katar a 2022, akasarin waɗanda suka fara wasan 'yan Hilal ne. Neymar ya zo a 2023, wasa 7 kawai ya buga musu har ya tafi. A wani kulob ɗin wannan kaɗai ya isa ya lalata kaka biyu. Su kuwa a kakar da ya ji rauni suka jera nasara 34, suka gama lig ba a doke su ba. Nasr a ɗaya ɓangaren ta kawo Ronaldo a ƙarshen 2022, amma har ƙarshen kakar 2024/25 kofin lig na ƙarshe da ta gani shi ne na 2019, lokacin da Ahmed Musa namu yake can.

Wanda ke ganin kuɗin nan ba za su taɓa yankewa ba, ya tambayi 'yan Chana. Jiangsu ta ɗauki lig a 2020, 'yan watanni bayan haka aka rufe kulob ɗin. Guangzhou da ta ci Asiya a 2013 da 2015 ita ma ta bi sahu da kamfanin da ke riƙe da ita ya durƙushe. Ban ce haka za ta faru a nan ba, Allah ya kiyaye. Amma ranar da aka ce kowa ya ci da guminsa, me Ittihad za ta sayar? Yara nawa ta raina da wani zai zo taya su?

Abin da ya fi ci mini rai ke nan, don yaran suna nan birjik. Ka je Makka da azumi bayan tarawihi, ka ratsa wajen Sharar Mansur ko Hindawiyya ka ga gasar unguwa. Fili ƙura, fitila biyu an jona daga gidan maƙwabta, 'yan kallo a kan katanga da saman mota, mai balila na gefe yana ciniki. Akwai wani yaro da na gani bara, bai fi shekara 14 ba, siriri, takalminsa ɗaya an naɗe da salatif, yana karɓar ƙwallo da hagu yana juyawa kafin mai tsaronsa ya ankara. Na ce wa dattijon da ke kula da su, "Baba, wannan ai kamata ya yi yana makarantar kulob." Ya ce, "Ɗana, an kai shi gwaji. Wa zai riƙa kai shi atisaye yana dawo da shi? Ubansa direba ne, sai dare yake shigowa." Kulob ɗin da ya iya biyan albashin Benzema bai fi ƙarfin motar da za ta kwaso irin waɗannan yaran ba. Wasunsu kuma haifaffun nan ne da takardunsu ba su ba su damar da ɗan ƙasa yake da ita ba, wannan kuma wani dogon zance ne na daban.

Ko da yaron ya shiga, ina zai buga? Daga kakar 2024/25 kowane kulob yana iya rajistar baƙi 10. Ɗan gida mai shekara 20 sai dumama benci, ana sako shi minti biyar a ƙarshe. A haka ba a samun kyaftin. Nur bai zama Nur a benci ba, Usama Hausawi ma sai da ya buga wasa ya ƙoshi a Wahda ta Makka kafin Hilal ta ɗauke shi, har ya ɗaura kambun kyaftin na ƙasa a gasar kofin duniya ta Rasha a 2018. Ita Wahdar da ke fitar da irinsu ta faɗa ƙasa a 2025, babu wanda ya damu.

In da za a ji tawa, abin da nake so daga shugabannin Ittihad kaɗan ne. A naɗa daraktan wasanni a bar shi shekara 5, shi zai zaɓi koci da 'yan wasa, ba wanda ya fi yawan mabiya a intanet ba. Duk kocin da ya ɗauko kofi a ba shi kakar gaba cikakkiya, ko an ci shi a Satumba. A kuma ware kuɗin baƙo guda ɗaya tak, a zuba a filaye da motoci da masu farautar yara daga Jidda zuwa Makka da Madina. Gasar cin kofin duniya ta 2034 a ƙasar nan za a yi, kuma waɗanda za su buga ta yanzu haka shekarunsu 13 zuwa 18 ne. Ina so in ga nawa ne daga cikinsu za su fito daga Ittihad.